Makaɗan Boston Da Ƙarar Kiɗansu Ta Ci Kunnensu

Akwai wani dare da ban manta da shi ba a cikin shekarun da na yi ina karatun digiri na uku a Amurka. Wani abokin karatuna Ba'amurke, wanda muke zaune ofis ɗaya, ya matsa mini lamba sai na raka shi kallon wasu makaɗa a wani ɗakin wasa da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda girmansa bai wuce ajin firamare biyu a haɗe ba. Da muka isa bakin ƙofa sai ya miƙo mini wasu 'yan guntayen soso guda biyu, ya ce in cusa su a kunne. Na yi dariya, na ce masa ni da na tashi ina jin tambari da kakaki da bindigogin 'yan baka a hawan salla, wane kiɗa ne zai razana ni? Na jefa su cikin aljihu, muka shiga.

Samari uku ne suka hau dandamali, ɗaya da jita, ɗaya da babbar jita mai kaurin amo, na ukun yana kan ganguna. Ba su gai da kowa ba. Bugun farko da suka yi, a ƙirjina na fara jin sa kafin ya isa kunnena, har rigata tana karkarwa a jikina. Na juya in yi wa abokina magana, na ji bakina yana motsi amma ban ji muryata ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, bayan kamar minti goma sai na fara gane cewa akwai tsari a cikin wannan rugugi, akwai tambaya da amsa tsakanin jita da ganga, irin wadda makaɗin kalangu ke yi da 'yan amshinsa. Na ji daɗin wasan, ba zan ɓoye ba. Amma da muka fito titi sai duniya ta koma kamar an lulluɓe ta da bargo, kuma wani siririn kuka ya tare a kunnena na hagu, bai tafi ba sai bayan kwana biyu.

Da na yi wa abokin nawa ƙorafi washegari, sai ya ce na yi sa'a da nawa kukan zai wuce, domin akwai wanda nasa ya zauna har abada. A nan ya ba ni labarin wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Boston mai suna Mission of Burma, ya kuma ara mini faya-fayanta. Labarinta nake so in kawo wa mai karatu a wannan makon, saboda duk lokacin da ranar 3 ga Maris ta zagayo, wato Ranar Ji ta Duniya, su nake fara tunawa.

Bahaushe in ya ji an ambaci Bama, tunaninsa zai tafi ga mazan jiya, kakanninmu da Turawan Ingila suka kwasa zuwa can a Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan makaɗa ba su da wata alaƙa da wancan yaƙi. Ɗaya daga cikinsu ne ya ga rubutun a jikin allon wani ofishin jakadanci a New York, ya burge shi, suka ɗauka ya zama sunansu. An kafa ƙungiyar a 1979, da Roger Miller a kan jita, Clint Conley a kan babbar jita, da Peter Prescott a kan ganguna, kuma dukkansu ukun suna rera waƙa.

Domin a gane irin kiɗan nasu, sai an ɗan koma baya. A tsakiyar shekarun 1970 wani salo da ake kira punk ya ɓarke a New York da Landan, a hannun ƙungiyoyi irin su Ramones da Sex Pistols. Kiɗa ne na matasan da suka gaji da manyan taurari masu wasa a filayen ƙwallo, gajerun waƙoƙi ne masu sauri da fushi, waɗanda ko yaron da ya koyi jita jiya zai iya kaɗawa. Wutar kara ce, ta ci da sauri ta lafa. Waɗanda suka biyo baya suka riƙe fushin da 'yancin, amma suka ƙi yarda a ce iyakar abin da za a iya yi ke nan. Suka shiga gwaje-gwaje, suna karya tsarin waƙa, suna aro daga kiɗan Jamaika da na Jamus da na Afirka, har ƙungiyar Talking Heads ta gina faifanta na 1980 a kan abin da ta koya daga sauraron Fela Kuti. Wannan zango shi ake kira post-punk, wato abin da ya biyo bayan punk. A Ingila akwai Wire da Gang of Four da Joy Division da Public Image Ltd. A Amurka kuwa, Mission of Burma tana sahun gaba.

Abin da ya bambanta su da saura shi ne mutum na huɗu, Martin Swope, wanda ba ya hawa dandamali. Yana zaune ne a wajen teburin daidaita sauti da na'urar ɗaukar murya mai zaren tef. Yayin da sauran ke wasa, sai ya ɗauki wani yanki na abin da suka kaɗa yanzu-yanzu, ya murɗa shi, ya juya shi baibai ko ya sauya masa sauri, sannan ya mayar da shi cikin lasifika. 'Yan kallo sai su riƙa jin sautin da ba su ga mai yin sa ba. Miller kansa ya karanci ilimin tsara kiɗa, saboda haka ba jahilci ne ya kai su ga hayaniya ba. Hayaniyar kayan aiki ce da suka zaɓa da saninsu. Sun fitar da waƙar Academy Fight Song a 1980, da ƙaramin faifai mai suna Signals, Calls, and Marches a 1981, sannan cikakken faifai guda ɗaya tak, mai suna Vs., a 1982, duk a wani ƙaramin kamfanin Boston mai suna Ace of Hearts.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana su rage ƙarar tun farko? Amsar tana da fuska biyu. Ta farko ta fasaha ce. Jitar lantarki in an ƙure mata amfilifaya, muryarta sauyawa take yi gaba ɗaya: tana yin kaushi, wasu ƙananan amo suna tsirowa a kan babban amon, kuma in makaɗin ya matsa kusa da lasifika, sautin yana komawa cikin tsirkiyar ya sake fitowa, ya zama wani dogon kuka da gwani zai iya sarrafawa kamar yadda mai algaita ke sarrafa numfashinsa. Wannan ba ya samuwa a ƙasa-ƙasa. Fuska ta biyu kuwa tarko ce. A ƙaramin dandamali ganguna da faifayen ƙarfen da ake dukansu suna dab da kunnen kowa. Mai jita ba ya jin kansa, sai ya ƙara. Mai babbar jita ya ji an danne shi, shi ma ya ƙara. Mai ganga ya ƙara ƙarfin damtse. Bayan rabin sa'a kunnuwan kowa sun gaji sun dushe, abin da ke da ƙara ɗazu yanzu ya zama kamar raɗa, sai a sake ƙarawa. Haka ake yi dare bayan dare, gari bayan gari.

Hausawa na cewa in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. A lokacin da faifan Vs. ya fito masu sharhi suna yabawa, kunnen Miller ya riga ya lalace. Ya kamu da abin da likitoci ke kira tinitus, wato kukan da mutum ke ji a cikin kunnensa alhali babu abin da ke kuka a waje. Da yake masanin kiɗa ne, yana iya faɗin ainihin muryar kowane kuka da ya tare masa, da kunnen da yake ciki, da watan da ya fara. Ya koma hawa dandamali sanye da manyan marufan kunne irin na masu koyon harbi, abin da ya zama alamarsa, amma ɓarnar ta ci gaba. A watan Maris na 1983 suka yi wasannin bankwana, ƙungiyar ta watse, shekara huɗu kacal da kafuwarta, Miller bai daɗe da haura shekara 30 ba. Faifan da aka haɗa daga wasanninsu na ƙarshe ya fito a 1985 da sunan The Horrible Truth About Burma, wato mummunar gaskiya game da Bama, suna yi wa kansu ba'a a kan yadda wasansu kan yi kyau ƙwarai a wani dare ya kuma dagule a wani.

Ya kamata mu tsaya mu ga abin da ke faruwa a cikin kunne, domin a nan ne labarin ya daina zama na Turawa kaɗai. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000. Su ne ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da dawa a gona. In an yi sa'a su miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda nawa suka yi. In aka maimaita, su mutu, kuma a jikin ɗan Adam waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Fata in ta yanke tana haɗewa, ƙashi in ya karye ana ɗora shi, amma wannan asara ba ta da ɗori. Mafi muni, ba ta zuwa da jini ko zafi. Muryoyi masu siranta ne ke fara ɓacewa, sai mutum ya riƙa jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman a cikin taro, ya ɗauka mutane ne suka koma yin ƙus-ƙus.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, kuma ma'auni ne mai yaudara, domin ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya kamar mudu. Hirar mutum biyu tana wajen desibel 60. Hukumar Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sa iyaka a desibel 85 na tsawon sa'a 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin, ya raba lokacin gida biyu. A 88 sa'a 4 ke nan, a 91 sa'a 2, a 94 sa'a ɗaya, a 100 kuwa minti 15 kawai. Wasan irin waɗannan makaɗa yakan kai 100 ya wuce, kuma ana shafe sa'a guda ko fiye ana yi. A 1976 ƙungiyar The Who ta Ingila ta shiga kundin bajinta na Guinness da desibel 126 a wani wasa a Landan, kuma mai jitarta Pete Townshend ya daɗe yana fama da kunnensa. Daga baya kundin ya daina karɓar wannan bajinta, don kada a riƙa gasar kurmantar da jama'a.

Da labarin Mission of Burma ya tsaya a 1983, da sai mu ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, mu wuce. Amma bai tsaya a nan ba. Miller ya koma kiɗa mai sauƙin ƙara, ya yi shekaru yana kaɗa wa tsofaffin finafinan da ba su da murya. Conley ya ajiye jita ya zama mai shirya shirye-shirye a wani gidan talabijin na Boston. Sunansu kuwa ya yi ta girma bayan ba su nan, ƙungiyoyin da suka fi su kasuwa nesa ba kusa ba suna ambaton su a matsayin malamansu, mawaƙi Moby ya sake rera ɗaya daga cikin waƙoƙinsu a 1996, sannan a 2001 marubuci Michael Azerrad ya keɓe musu babi guda a littafinsa na tarihin irin wannan kiɗa a Amurka. A 2002, bayan shekara 19, suka dawo, Bob Weston ya maye gurbin Swope a kan tef. Suka fitar da sababbin faya-fayai huɗu tsakanin 2004 da 2012, wato ninki huɗu na abin da suka yi a ƙuruciyarsu.

Yadda suka dawo shi ne abin lura. An kafa allon roba mai kama da gilashi tsakanin ganguna da Miller. An ɗauke amfilifayarsa daga bayansa aka ajiye ta a gefen gaba, yadda bakinta ba ya fuskantar kunnensa. Marufan kunnen nan suna nan a kansa. Kiɗan bai rasa kaifinsa ba, waɗanda suka gan su a zango na biyu ba su ce sun yi sanyi ba. Duk waɗannan dabaru babu mai tsada a ciki, babu kuma wadda ba za a iya yi a 1979 ba. Abin da ya rasa a wancan lokacin shi ne wanda zai ɗauki kunne da daraja kafin ya lalace. Sauran makaɗa ma sun koyi darasi: lokacin da ƙungiyar My Bloody Valentine, wadda ta yi suna wajen ƙara, ta dawo wasa a 2008, kyauta ake raba wa 'yan kallo matoshin kunne a bakin ƙofa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasa, cewa matsakaicin sauti kada ya wuce desibel 100, a riƙa auna shi, a tanadi matoshin kunne da wurin da mutum zai je kunnensa ya huta. Hukumar ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti.

Ina da dalilin kawo wannan dogon labari a shafin da aka saba tattauna siyasa da ilimi. Roger Miller ya san abin da yake yi, shi ya murɗa amfilifayar da hannunsa, ya sami suna da faya-fayai a madadin abin da ya rasa, kuma da jiki ya gaya masa, ya iya tsayawa a daidai lokacin da kasuwarsa ke buɗewa. Wanda ya sayi tikiti ya shiga ɗakin wasansu shi ma da ƙafarsa ya je. To, ina labarin wanda ba a tambaye shi ba? A wani bikin da na halarta kwanan baya, an jera lasifikoki sun fi ni tsawo a cikin tsakar gidan da bai kai rabin wancan ɗakin na Amurka ba. Na ga wata baiwar Allah zaune dab da su da jariri a bayanta. Yaron da ke kula da kayan sautin, wanda bai wuce shekara 20 ba, na yi masa magana sau uku kafin ya juyo, da ya juyo kuwa bakina yake kallo. Ya gaya mini kusan kowane ƙarshen mako yana da biki biyu ko uku. Wannan yaro yana biyan farashin da Miller ya biya, ba tare da ya san ana cirar wani abu daga jikinsa ba.

Irinsa suna da yawa: mai injin markaɗe da ke tsaye a kansa daga safe zuwa magariba, mai walda da mai yankan ƙarfe, mai shagon da janareta ke ruri a bakin ƙofarsa, da ɗalibaina da nake gani da 'yan wayoyi a kunne, waɗanda nakan ji abin da suke saurare daga inda nake tsaye. Nijeriya tana da dokar hana hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, amma mai karatu ya faɗa mini yaushe rabon da ya ga an zo da ma'auni wajen biki ko kasuwa. Mun ɗauki ƙara a matsayin shaidar arziki da cikar taro, har in biki bai hana unguwa barci ba sai a ce bai yi armashi ba.

Ban zo da kiran a kashe kiɗa ba, domin ni kaina na shaida cewa akwai kyawun da sai da ƙarfin sauti yake bayyana, kuma har yau nakan saka faifan Vs. a mota in na fito daga taron sashe da ya ɓata mini rai. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In kana wurin da sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to ƙarar ta kai inda take ɓarna. A nisanta yara da lasifika. Mai kayan sauti ya ɗaga lasifikarsa sama da kan mutane, ya juya bakinta daga inda ake zaune, ya saya wa yaransa matoshin kunne, waɗanda kuɗinsu bai kai na lemon da ake raba wa baƙi ba. Mai sauraro a waya ya rage, ya riƙa ba kunnensa hutu. Wanda kuma ya riga ya fara jin kukan nan, ko ya ga yana yawan cewa a maimaita masa magana, ya je asibiti sashen kunne da hanci da maƙogwaro a auna shi, domin abin da ya rage ana iya tsare shi.

Kakanninmu da suka ce kunne ya girmi kaka suna nufin ta kunne muke karɓar abin da ya faru kafin a haife mu, daga tatsuniya har karatu. Mutumin da ya rasa ji yana ɗan shekara 40 zai zauna a cikin iyalinsa yana murmushi a inda bai ji abin da aka faɗa ba, jikokinsa su gaji da maimaitawa su daina yi masa hira. 'Yan guntayen soson nan da na raina a bakin ƙofa, washegari na same su a aljihun wandona. Tun daga ranar ban sake zuwa wurin da za a kunna lasifika ba tare da irinsu ba, kuma a bikin nan da na ambata, na bar wa yaron nawa kafin in tafi.